Me Ya Sa Baƙin Tabon da Na Gani a Duniyar Mars Ya Ɓace?

Tambaya: Wani mai karatu daga Katsina ya rubuto cewa: "Ina da madubin hangen nesa mai faɗin baki milimita 130. A watan Janairun 2025 na saita shi kan duniyar Mars, na ga ɗan farin ɗigo a gefe da wani baƙin tabo a tsakiya. Bayan mako biyu na sake dubawa a daidai wannan sa'a, farin yana nan, amma tabon ko alamarsa babu. Guguwar ƙura ce ta can ta rufe shi, ko hazon hunturunmu ne?"

Amsa: Malam, a ganina ba wannan ba ne, ba kuma wancan ba, juyawa Mars ta yi da tabon. Tana kammala juyi ɗaya a kanta cikin sa'o'i 24 da minti 37, wato yininta ya ɗara namu da kaɗan. Saboda haka wurin da ka gani a tsakiyarta da ƙarfe goma na daren yau, gobe sai wajen ƙarfe goma da minti 37 zai iso nan, jibi ya ƙara makara, har cikin kwana goma ya koma can bakin gefe. Bayan mako biyu kuwa yana ta bayanta, inda ba ka iya gani, kuma sai an kwashe kusan kwana 40 kafin ya dawo mazauninsa a wannan sa'ar. Farin ɗigon bai gusa ba domin yana kan doron da duniyar take juyawa a kansa.

Idan tabon ya yi kama da alwatika, to mai yiwuwa Syrtis Major ka gani, wani shimfiɗaɗɗen fili na baƙin dutsen aman wuta. Shi ne masani Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya zana a 1659, kuma da bin motsinsa ya ƙiyasta cewa yinin Mars ya kai kimanin sa'o'i 24, da madubin da bai kama ƙafar naka ba.

Farin ɗigon ƙanƙarar doron arewa ce, ko da a ƙasan hoton ka gan ta, domin madubi irin naka kan kifa hoto. A nan ne ake ganin yanayin Mars na gaskiya. Tana karkace da kusan digiri 25, kusa da karkatar tamu duniyar, don haka ita ma tana da lokutan sanyi da na zafi, sai dai sun kusa ninka namu tsawo tunda shekararta kwana 687 ce. A lokacin sanyi iskar kabon da ta cika sararinta takan daskare ta lulluɓe doron, idan zafi ya kunno kai sai wannan rufi ya koma iska, ya bar ƙanƙarar ruwa da ke ƙarƙashinsa. Da ka ci gaba da dubawa daga Janairu zuwa Afrilu, da ka ga farin yana ta tsukewa.

Batun guguwa kuma, akwai ta, amma tana da kakarta. Manyan guguwowin da kan mamaye duniyar baki ɗaya suna tasowa ne idan Mars ta matso kusa da rana, lokacin da kudancinta ke ɗaukar zafi, alhali a farkon 2025 tana can nesa da rana. Irin wannan babbar guguwa ce kumbon Mariner 9 ya tarar a 1971, ya yi ta jira ƙura ta lafa kafin ya sami hoton kirki, irinta ce kuma a watan Yunin 2018 ta tare wa motar bincike Opportunity hasken rana har aka daina jin ɗuriyarta. A madubi, guguwa takan fara ne da wani ɗan haske ruwan ɗorawa a inda jiya babu shi, yana juyawa tare da duniyar, yana faɗaɗa dare bayan dare, yana cinye baƙaƙen tabo ɗaya bayan ɗaya.

Hazo ba haka yake yi ba. Shi komai yake dusashewa lokaci guda, da Mars da taurarin da ke kewaye da ita. Abin da ya fi hazo ɓata aiki ma shi ne zafin da rufin kwano da daɓen siminti ke fitarwa bayan magariba, wanda kan sa hoton ya riƙa rawa kamar kwabo a ƙasan ruwa mai gudu. Ka fitar da madubin waje kamar minti 40 kafin ka fara domin ya huce, ka kafa shi a kan ƙasa nesa da gini, ka kuma jira Mars ta hau sama sosai.

Kada ka raina abin da ka gani. Ranar 16 ga Janairun 2025 Mars tana da nisan kilomita wajen miliyan 96 daga gare mu, sai an ninka girmanta sau 120 kafin ta kai girman wata a ido tsirara, alhali a Agustan 2003 nisan bai cika miliyan 56 ba. Ninki 150 zuwa 200 ya ishe ka, kuma gilashi ja ko mai launin ruwan lemo a wurin sa ido na madubin yana fito da tabo, shuɗi kuma yana fito da gizagizai.

Mars takan yi daura da mu, wato duniyarmu ta shiga tsakaninta da rana har ta fi kusa da mu, duk bayan wata 26, na gaba kuwa ranar 19 ga Fabrairun 2027 ne. Za ta ɗan fi ta 2025 ƙanƙanta, amma daga Katsina za ta ratsa kusan tsakar ka da tsakar dare, doron arewa kuma yana fuskantarmu. Ka tanadi littafi, ka zana da'ira mai faɗin santimita biyar kowane dare, ka sa abin da idonka ya gani da fensir, ka rubuta kwanan wata da sa'a da ƙarfin hazo a ƙasa. Zane biyu da ke da tazarar kwana 40 su ne za su nuna maka ko fuskarta ce ta sauya da gaske.