Hukuncin aikin gadi da shara a maƙabartar sojoji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon soja ne a N'Djamena, na yi ritaya. An ba ni aikin kula da wata maƙabartar sojoji: shara, cire ciyawa, shafa farar ƙasa da gadin ƙofa. Akwai Musulmi a ciki, akwai Kirista. Wani maƙwabcina ya ce albashina haram ne. Yaya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, riƙe aikinka, albashinka halal ne. Maƙwabcinka ya yi gaggawa.

Wannan ijara ce, wato ƙwadago, a kan aiki sananne da lada sananne, aikin kuma kare mutuncin mamaci ne. Allah Ya ce Ya karrama 'yan Adam, bai ware wata ƙabila ko wani addini a wannan karamcin na halitta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa, Manzon Allah (SAW) ya miƙe, aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce shin ba rai ba ne? Da Abu Ɗalib ya rasu bai musulunta ba, Annabi ne ya umarci Sayyidina Ali ya je ya binne shi. To wanda ya kori kare daga kabarin Kirista, ko ya cike ramin da damina ta zaftare, da wane dalili za a ce ya ci haram?

Kaburburan baƙi ba sabon abu ba ne a yankinmu. Tun yaƙin Kusiri na 1900, inda Rabe da Kwamanda Lamy na Faransa suka mutu rana ɗaya, har zaman da Jamusawa suka yi a dutsen Mora na Kamaru zuwa 1916, ana binne sojan da ba Musulmi ba a yankin nan. A 2020 harin Boko Haram a Bohoma ya ci sojojin Chadi kusan ɗari, kuma kowa ya san rundunar ta haɗa masu salla da masu zuwa coci.

Inda za ka tsaya shi ne addu'a. Tsintsiyarka ta bi kowane kabari daidai, amma sallama da neman gafara na Musulmi ne, saboda hanin da ke Suratut Tauba, aya ta 113. Idan dangin Kirista suka zo da fastonsu, buɗe musu ƙofa, nuna musu wurin, ka yi musu gaisuwa da kyakkyawar magana, ka ja gefe har su gama ibadarsu.

Maganar farar ƙasa ce ke da ɗan tsawo. Hadisin Jabir a cikin Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa da zama a kansa. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki shafen da ginin a matsayin makaruhi, haka yake a Risala, sai in an yi don alfahari ya zama haram. Sun halatta alamar da za a gane kabari da ita, dutse ko itace, domin Annabi da kansa ya aza dutse a kabarin Usman ɗan Maz'un. Rubuta suna kuwa akwai saɓani. Ni ina ganin a maƙabartar soja, inda uwa za ta taso daga Abeche ko Mundu tana neman inda ɗanta yake, suna da lambar aiki buƙata ce. Saboda haka ka shafa katanga da duwatsun gefen hanya ba damuwa. In aka umarce ka da shafa kabarin Musulmi kansa, ka nemi afuwa cikin ladabi. In an matsa, makaruhi ne, ba ya lalata maka albashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikinka ma ba wannan ba ne. Wuta ce. Da kaka ta yi, ciyawa ta bushe, masu gadi da yawa kan ƙyasta ashana don su huta. Kada ka yi. Sa lauje da fartanya, ka kwashe ciyawar waje. Kada ka taka kabari don yanke hanya, kada ka kishingiɗa a kan siminti kana shan shayi. In ruwa ya tono ƙashi, mayar da shi a hankali ka rufe, don karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye.

Furanni da busa ƙaho ranar biki tsarin hukuma ne, ba a ɗora maka su ba. Amma kada ka rusuna wa kabari, kuma kada ka yanke cewa wane shahidi ne, sai dai ka ce muna yi masa fatan shahada.

Asali a raba kaburburan Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba, kamar yadda aka yi a Madina. In sun cakuɗe a inda kake, alhakin na masu tsara wurin ne. Ka faɗa wa shugabanka a ware gefe ga masu zuwa nan gaba, waɗanda aka riga aka binne a bar su inda suke.

Allah ne Mafi sani.