Agile ba zai gyara shagon da mutum uku ke karɓar aiki ba

Wani Alhaji mai shagon walda a Yamai, mai ma'aikata tara, ya rubuto: "Ɗana ya dawo daga wani horo ya ce mu koma tsarin agile (hanyar yin aiki kaɗan-kaɗan, ana duba inda aka kai a kai a kai), mu biya wata manhaja, riba za ta ninka kafin ƙarshen shekara. Yanzu ƙofofi da tagogi aiki 23 ne muka fara, babu wanda ya fita kan lokaci. Ina karɓar aiki, ƙanena na karɓa, ɗan nawa ma na karɓa ta WhatsApp. Ta ina zan fara?"

Alhaji, a ajiye zancen ninka riba tukuna, kada kuma a biya ko dala a kan manhaja. Matsalarka tana cikin wasiƙarka: baki uku ke yi wa masu aiki alƙawari, kuma babu littafi ɗaya da ya san duka alƙawuran. Ƙanenka ya karɓi kafin alƙalami ya ce "Juma'a", kai ka faɗa wa wani Juma'ar, yara su yanka ƙarfen wannan, su bar shi su koma wancan saboda mai shi ya zo yana faɗa. Haka aiki 23 ya taru. Kowace ƙofa da aka yanka ba a gama ba kuɗi ce kwance a ƙasa tana tsatsa. In ƙarfen kowane aiki ya ci jika 50, sama da miliyan ɗaya na sefa ke nan da ba ka iya juyawa.

Ɗanka bai yi ƙarya ba, tsarin yana aiki. Masu haɗa manhajar kwamfuta 17 ne suka rubuta ƙa'idojinsa a Amurka a 2001, allon bin aiki da ake kira kanban kuma daga masana'antar Toyota ta Japan ya samo asali. Amma a shagonka, sharaɗin farko shi ne wanda kake gudu: mutum ɗaya tak ke yanke wane aiki ne gaba. Sauran su kawo ciniki, amma ba su sa rana ba.

Daga nan ka sami allo da alli, ka raba shi gida huɗu: masu jira, yanka da walda, fenti, an kai. Kowane aiki da sunan mai shi, awo, abin da ya biya da ranar da aka sa. Sai doka mai ɗaci: da ma'aikata tara, kada aiki ya wuce huɗu a gidan yanka da walda na allon. Ba a taɓa sabon ƙarfe sai ɗaya ya fita. Makon farko za ka ga yaro zaune zuciyarka ta sosu. Tura shi ya taya mai fenti, kada ka buɗe masa aiki na biyar. A nan yawancin shaguna ke karya tsarin.

Kowace safiya a tsaya gaban allon minti 15, a tsaye, ba shayi: me ya makale, me ya hana? Duk mako biyu ku ƙirga ayyukan da suka fita. In shida ne, to shida za ka riƙa yi wa alƙawari, ka bar kwana biyu don ɗaukewar wuta. Ma'aikata in suka haura goma, a raba su ƙungiya biyu, kowace da allonta, amma mai sa rana ɗaya ne har yanzu.

Sauran ayyuka 19 da za su jira, ka kira masu su da kanka, ka ba kowa ranar gaskiya, wanda ya ƙi a mayar masa da kuɗinsa. Ƙanenka kuwa ka zauna da shi a gida, ba gaban yara ba. Ka ware masa kaso a kan duk cinikin da ya kawo, da sharaɗin kafin alƙalami ya shiga littafi a ranar da aka karɓe shi.