Kun Tambaya: Gidajen Wa Ke Tsakiyar Lambunan Ɗa'ifa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Duk bazara mukan tashi daga Makka mu hau Ɗa'ifa don shan iska, kuma nakan ga manyan tsofaffin gidaje masu tagogin katako, wasu a tsakiyar lambuna. Su wa suka gina su, kuma tun yaushe mutanen Makka suka fara wannan al'ada? Daga wata mai karatu, unguwar Misfala, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan al'ada ta girmi Musulunci. Makka kwari ce marar shuka, ita kuwa Ɗa'ifa tana kan tudu da ya kai kimanin mita 1,800, ga sanyi, ga ruwan kwarin Wajj, saboda haka tun zamanin jahiliyya attajiran Ƙuraishawa suka riƙa mallakar gonakin inabi a ƙasar Banu Saƙifa, ƙabilar da ke zaune a Ɗa'ifa. Kin san lambun da Manzon Allah (SAW) ya fake a cikinsa bayan mutanen garin sun jefe shi, inda Addasu, bawa Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. To, wannan lambu na Utba da Shaiba ne, 'ya'yan Rabi'a, kuma dukansu mutanen Makka ne. Har yau akwai masallaci mai sunan Addasu a Masna, yankin tsofaffin lambuna.

Bayan zuwan Musulunci abin ya ƙara bunƙasa. Amru ɗan Asi yana da shahararriyar gonar inabi a Wahɗ, kusa da Ɗa'ifa, Halifa Mu'awiya kuma ya sa aka gina madatsar ruwa ta Saisad, wadda rubutun da ke jikin dutsenta ya nuna shekara ta 58 bayan Hijira. A ganina wannan madatsa ta fi kowane gida muhimmanci a tarihin garin, domin ba a yin lambu sai da ruwa, kuma iyalin da ya riƙe rijiya ko magudana shi ne yake da faɗa a ji.

Gidajen da kike gani kuwa ba su kai haka tsufa ba, yawancinsu na ƙarshen mulkin Turkawa ne da farkon daular Saudiyya. Mafi shahara shi ne fadar Shubra, wadda Sharif Ali Basha, mai sarautar Makka, ya gina a farkon ƙarni na 20, aka kuma sa mata sunan wata fada da ke Alƙahira. Idan kin tsaya a gabanta, ki lura da tagogin nan na katako da suka turo waje, waɗanda ake kira rawashin. An sassaƙa su da ƙananan kafofi ta yadda iska za ta ratsa, matan gida su ga mai wucewa, shi kuwa ba ya ganinsu. Bayan Ɗa'ifa ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz a 1924, ya zauna a wannan fada, daga baya ɗansa Sarki Faisal ya yi aikin mulki a cikinta lokacin bazara, kafin a mayar da ita gidan tarihi. A Ɗa'ifa ne ma Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953.

Akwai kuma gidan Katib, wato magatakarda da Larabci, wanda magatakardan Sharifin Makka Aunur Rafiƙ ya gina a ƙarshen ƙarni na 19, shi ya sa ake kiransa da wannan suna, kuma Faisal ya zauna a ciki yana wakilin mahaifinsa a Hijaz. Gidan Kaki, a unguwar Salama, na wasu attajiran Makka ne.

Sai dai kada kyan gine-ginen ya sa a manta da iyalan manoma, waɗanda su ne suka raya ƙasar. A tsaunukan Hada da Shafa ake noman wardin Ɗa'ifa, furen da ke buɗewa makonni kaɗan tsakanin Maris da Afrilu. Ana tsinke shi da asuba kafin rana ta kwashe ƙamshinsa, a zuba dubbai a tukunyar jan ƙarfe, a rufe, a dafa a hankali, tururin ya bi bututu ya huce, man ya taso a saman ruwan, sannan a auna shi da tola, wani ƙaramin ma'aunin turare. Ana haɗa irin wannan ruwan wardi da Zamzam wajen wanke Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

Abin da ke damuna shi ne, littattafai sun adana sunayen masu gidajen amma sun yi shiru game da magina, masu ɗebo ruwa da masu ban-ruwa, alhali an san mutanenmu da suka zo hajji a ƙafa suka zauna sun yi aikin ƙarfi a biranen Hijaz, kuma akwai iyalai masu laƙabin Hausawi a Ɗa'ifa. Idan kun sake hawa, Hajiya, ki nemi dattawansu ki tambaye su a lambun wa kakanninsu suka yi aiki, ki kuma rubuta abin da suka faɗa miki. Idan kuma tsinkar wardi kike son gani, sai ku daidaita tafiyarku da farkon watan Afrilu, ku isa Shafa kafin gari ya waye.