Tambayi Likita: Harara-garken ɗana zai miƙe da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana shekararsa 4, kuma tun yana rarrafe idonsa na hagu yake karkata wajen hanci. Kakarsa ta ce a ƙyale shi, girma zai gyara, ni kuma na ji an ce wurin aikin tiyata sai an ciro ƙwayar idon waje. Ina mafita?
Daga wata mai karatu a Jega, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba a ciro ido, kuma wannan jita-jita ta daɗe tana hana iyaye zuwa asibiti. Kowane ido yana da tsokoki 6 masu juya shi, manne a jikin farin ido. Bayan an sa yaro barci, likita yakan ɗaga siririyar fatar da ta lulluɓe farin, ya kwance tsokar da ta cika ja, ya mayar da ita baya da 'yan milimita ya ɗinke, ko kuma ya rage tsawon wadda ta saki. Zaren narkewa yake yi da kansa. Idon zai yi ja na wasu makonni, kuma wasu yaran sukan buƙaci aiki na biyu.

Maganar Kaka tana da tushe, domin idon jariri yakan yi yawo har zuwa wata 3 ko 4, amma ɗanki ya wuce nan tuni. Abin da ya fi damuna ba kamannin fuskarsa ba ne. Idan idanu biyu ba su kallon wuri ɗaya, ƙwaƙwalwar yaro takan yi watsi da hoton da karkataccen idon yake aiko mata, sai ganinsa ya yi ta dusashewa alhali ƙwayar lafiyarta ƙalau. Bayan shekara 7 zuwa 8 farfaɗo da wannan gani yana da wuya ƙwarai, ko da aiki ya miƙar da idon. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki gwada a gida: ki rufe idonsa na dama da tafin hannunki yana cikin wasa. Idan ya ture hannun yana kuka, amma bai damu ba sa'adda kika rufe na hagu, to na hagun ya riga ya yi rauni.

Ba lallai ne a fara da wuƙa ba. Za a ɗiga masa magani a auna idon, domin yara da yawa masu irin wannan karkata tabarau kaɗai ke miƙar da ita. Sau da yawa kuma akan rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa mai raunin aiki.

Ki kai shi sashen ido na asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, daga nan za su iya tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Idan kuwa kin taɓa ganin fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idon, kamar na kyanwa a hasken tocila, kada ki bari mako ya zagayo, domin yana iya zama yanar ido ko ciwon daji.