Ciwon ƙugun Mama bayan gashin ciwon daji

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kin ce an mata gashin kansar bakin mahaifa, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, shekarun baya, yanzu ƙugu da mara sun dame ta har da dare ba ta barci, sikanin kuma bai nuna komai ba. Gaskiya sikanin na ciki ba ya ganin ƙashi da zurfin nama sosai, ku nemi MRI na ƙugu, wato hoton asibiti da ke nuna ƙashi da nama dalla-dalla. Ba lallai kansar ce ta dawo ba, irin wannan gashin yana raunana ƙashi har ya tsage ba tare da ta faɗi ba, amma akwai sarkoma, kansar ƙashi ko tsoka, kusan 1 cikin 100 na kansar manya, wani lokaci tana fitowa a inda aka gasa bayan shekaru kuma biyofsi, wato ɗaukar ɗan nama a auna, kaɗai ke tabbatarwa. Don Allah in an ga kumburi kar a bari kowane likita ya yanka shi tukuna, ku tattara tsofaffin takardunta ku je cibiyar kansa ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, ko asibitin ƙashi na Igbobi, shi ma a Legas. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari na zuba, ku tafi a ranar.