Tambayi Mai Gyaran Wuta: Wayar shagona tana ɗaukar zafi

Tambaya: Malam, ni tela ce a Ɗorayi. Na ja wuta daga mitar gida zuwa shagona, kimanin mita 40, da farar wayar nan mai laushi. Da na kunna dutsen guga sai ƙwai ya dusashe, wayar kuma ta yi zafi. Laifin masu wuta ne ko nawa?

Amsa: Hajiya, wannan karon a ƙyale masu wuta, wayarki ce ta yi wa kayan kaɗan.

Mu yi lissafi. Dutsen guga na cin wat 2000 ko kusa da haka. Ki haɗa da keken ɗinki, fanka da ƙwayaye, a ce 3000. Raba da bolt 230, wato ƙarfin wutar gida, kin samu amp 13, yawan wutar da za ta bi ta cikin wayar ke nan. Siririyar wayar da kika saya, mai kaurin 0.75mm ko 1mm, ta fitila ce da rediyo. Ɗora mata wannan kaya kamar a ɗora wa jaki lodin tirela ne, shi ya sa take zafi, kuma roba in ta narke gobara ce.

Sai nisa, wanda yawancin mutane ba sa sa shi a lissafi. Wuta na zubewa a hanya. A 1mm, mita 40 za su cinye miki fiye da bolt 20, ga shi dama wutar unguwa ba kullum take zuwa a cike ba. Da shagon a jikin gida yake, 2.5mm ta isa. A wannan tazara ni 4mm zan sa, ta tagulla, da wayar ƙasa (wadda ke kare mutum daga jan wuta), a zura ta cikin bututu, a ɗaura mata bireka mai amp 20, wato abin da ke katse wuta in kaya sun yi yawa. Kada a shimfiɗa ta ƙarƙashin kwano, zafin Afrilu na Kano na rage ƙarfin da waya ke iya ɗauka.

In kin shiga Sabon Gari, kada ki tsaya ga abin da aka rubuta a leda. Ki sa a feɗe bakin wayar a kankare da wuƙa. Ta tagulla ja ce har ciki. In fari ya bayyana, alminiyon ne aka shafa masa launi, kuma bai kai kashi biyu bisa uku na tagulla wajen ɗaukar wuta ba. Ki duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Mai sauƙin kuɗin da ya wuce hankali, ki bar masa kayansa.

Kafin mai gyara ya zo, a koma dutsen gawayi.