Tambaya da Amsa: Me ya sa harbi bai gama da aladun daji ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo ana harbin aladun daji daga jirgi mai saukar ungulu a Amurka, abin ya ɗaure mini kai. Ƙasar da take cike da maharba, a ce alade ya gagare ta? Kuma ta yaya ake sanin yawansu, tunda dabba ba ta tsayawa a ƙirga ta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma alade ya gagara ɗin. Dalili shi ne yana haihuwa fiye da yadda ake kashe shi, sannan wanda ya tsira daga harbi yana ƙara wayo.

Asalinsu ba dabbobin Amurka ba ne. Turawan Sifen ne suka kai aladun gida a ƙarni na 16, ɗaya daga cikinsu, Hernando de Soto, ya sauka da nasa a Florida a 1539. Wasu suka kuɓuce suka koma daji. A farkon ƙarni na 20 masu sha'awar farauta suka shigo da aladun dajin Turai, jinin ya haɗu. Yau ma'aikatar noma ta ƙasar tana ƙiyasta sun kai miliyan 6, a jihohi aƙalla 35, Texas ce kan gaba. Da hanci suke tone gona cikin dare ɗaya kamar an bi ta da garma, su ci iri, su ci ƙwan tsuntsaye, su gurɓata ruwan sha na dabbobi.

Yi lissafin nan tare da ni. Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Mace takan haifi biyar ko shida, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kuma 'yarta kan ɗauki ciki tun ba ta cika shekara ba. Shi ya sa masana ke cewa sai an kawar da kusan kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin yawansu ya tsaya wuri ɗaya. Farauta ba ta ko kusa da wannan adadi.

Aladun nan garke-garke suke yawo, iyaye mata da 'ya'yansu. Idan maharbi ya kayar da biyu cikin ashirin, sauran goma sha takwas ɗin sun watse, sun daina fita da rana, sun koma gonar maƙwabci. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa shi ne hannun ɗan Adam a ciki: akwai waɗanda ke kama aladu a mota su kai su sako a wata jiha domin su samu abin farauta. Wannan ne ya sa jihar Missouri ta hana farautar su a filayen hukumarta ta kare namun daji a 2016. Da farko mutum zai ce wane irin mataki ne wannan, amma ni ina ganin sun yi daidai, domin wanda ke jin daɗin farautar alade ba zai so alade ya ƙare ba.

Hanyar da ta fi aiki ita ce kama garke gaba ɗaya, kuma haƙuri take buƙata. Ana zuba masara a wuri ɗaya kwana da kwanaki, ana kafa kyamara, har a san garken kai nawa ne. Sai a kewaye wurin da shingen ƙarfe a bar ƙofa a buɗe, su saba shiga da fita. Mai tarkon yana kallo ta wayarsa. Ko goma sha tara sun shiga, in ta ashirin tana waje, ba zai saki ƙofa ba, domin wadda ta ga an rufe 'yan'uwanta da wuya ta sake kusantar shinge, kuma takan ja 'ya'yanta su guje shi. Jirgin da ka gani yana da amfani a fili mai sarari, amma a kurmi ganye ne ke rufe su.

Batun ƙirga kuwa, ba a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, alamu ake bi: tonon ƙasa, kududdufin da suke birgima, taɓon da suke gogawa a jikin itace, da hotunan kyamarorin da ke ɗauka da kansu in abu ya gifta. Har ruwan kududdufi ake ɗiba a kai ɗakin gwaji, a nemi ƙwayar halittar alade a ciki, ko da ba a ga dabbar da ido ba. Akwai kuma dabarar da ake kira aladen Yahuza, wato alade mai cin amanar 'yan'uwansa: a kama ɗaya, a ɗaura masa abin wuya mai nuna inda yake, a sake shi, shi da kansa zai kai ma'aikata maɓoyar sauran. Ana kuma gwada jinin waɗanda aka kama saboda cututtuka. A Turai ma, tsoron cutar zazzaɓin aladu na Afirka ne ya sa Denmark ta ja shinge mai tsawon kusan kilomita 70 a iyakarta da Jamus a 2019, don hana aladun daji shigowa.

An taɓa gamawa da su ƙaƙaf, amma galibi a tsibirai, inda ba sabon da zai shigo. A tsibirin Santa Cruz na jihar Kalifoniya an kawar da aladu 5,036 tsakanin 2005 da 2006. A tsibirin Santiago, cikin tsibiran Galapagos na ƙasar Ecuador, an kawar da fiye da 18,000, aikin ya ɗauki kusan shekara 30, ya ƙare a 2000. A duka wuraren biyu na ƙarshe-ƙarshen ne suka fi ba da wahala, kuma ko bayan an daina ganin su sai da aka ci gaba da sintiri ana duba sawu kafin a ce sun ƙare. A babbar ƙasa kuwa, shirin da gwamnatin Amurka ta kafa a 2014 yana ƙoƙarin share su daga jihohin da suke kaɗan, a jihohi irin su Texas kuma a rage ɓarnar da suke yi wa manoma.